Minti Goma Sha Biyu na Almuru: Yadda Wani Makiyayi a Texas Ya Zaɓi Madubin Saitin Bindigarsa

Wurin da mutumin

Gandun kiwon yana kan tudun Edwards, a tsakiyar jihar Texas ta Amurka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga San Angelo, garin da ya yi suna da kasuwar tumaki da awaki. Ƙasa ce mai duwatsu, ga sarƙaƙiyar itacen sida, ga meskit, wani dangin ƙirya mai ƙaya. Ruwan sama bai cika yawa ba, don haka akuya ta fi saniya jin daɗin wurin. Texas ɗin ma ita ce kan gaba a duk Amurka wajen yawan awaki da tumaki.

Mai gandun dattijo ne da ya haura shekara 60. Awakinsa na nama ne, gaurayen Boer, irin da aka kawo daga Afirka ta Kudu, da tsofaffin awakin yankin da ake kira 'yan Sifaniya. Yana da farin karen gadi guda ɗaya da ke kwana cikin garke. A bayan kujerar a-kori-kurarsa kuma akwai bindigar da ba ta rabuwa da motar: Ruger Mini-14, samfurin da kamfanin ya fitar a 1982 da sunan bindigar gandu, mai cin harsashin .223. Gajera ce, nauyinta kilo uku da ɗan ɗoriya, kuma an ƙera ta da mazaunin madubi a bisa. Madubin da ke kanta 3-9x40 ne mai araha, ya kusa shekara ashirin a wurin. Ma'anar lambobin ita ce yana jawo abu kusa daga ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 40 ne. Da rana bai taɓa ba shi kunya ba.

Abokin gabar shi ne koyoti. Wanda ya san dila ya san rabin halinsa, sai dai koyoti ya fi dila jiki, yakan kai kilo 12 zuwa 18, kuma shi ne ya fi kowace dabba yi wa masu ƙananan dabbobi ɓarna a Amurka. Dokar Texas ba ta ware masa lokacin farauta ba, ana iya harbinsa dare ko rana a filin da ke da mai shi, kuma wanda ake kai wa dabbobinsa hari ba ya bukatar lasisin farauta kafin ya kare su.

Fabrairu: awaki sun fara haihuwa

A tsakiyar wata aka fara rasa 'yan awaki. Wasu ba a ga ko ƙashinsu ba. Waɗanda aka tsinta suna da sawun haƙori a maƙogwaro, wanda shi ne kamun koyoti. Kare idan ya yi ɓarna yakan yayyaga ko'ina ne. Dattijon ya bi sawu har wani busasshen rafi a kudancin makiyayar, inda ruwa ya taɓa zaizaye ƙarƙashin shingen waya ya bar kafa. Ya ɗaura kyamarar daji a jikin bishiya. Cikin mako guda hotuna suka nuna koyoti biyu, namiji da mace, suna shigowa tsakanin minti 20 zuwa 35 bayan faɗuwar rana, wani lokacin kuma da jijjifi. Karen gadin yana iya ƙoƙarinsa, amma su biyu ne: ɗaya ya ja shi gefe, ɗaya ya ɗauki ɗan akuya.

Ya shirya maɓoya a kan wani tudun dutse, yadi 120 daga kafar, iska na kaɗowa daga rafin zuwa gare shi. Ya yi yamma huɗu a can. Sau biyu ya ga koyotin sarai da madubin hangen nesa na hannu, 8x42, amma da ya ajiye shi ya sa ido a madubin bindiga, wanda ya murɗa zuwa ninki 9, sai ya tarar da duhu dumu-dumu. Siraran layukan saitin nan baƙaƙe sun narke cikin baƙin sida. Yana ganin motsi, ba ya ganin inda bakin bindigarsa yake nuni. Bai taɓa kunama ba, domin karen maƙwabcinsa, mai launin toka, shi ma yakan bi rafin nan.

Farkon Maris: babban madubi

Ya shiga gari ya faɗa wa mai shagon kayan farauta cewa duhu ne matsalarsa. Aka nuna masa 6-24x50 mai kaurin jiki milimita 30, farashinsa bai wuce ƙarfin aljihu ba. Mai shagon ya kafa hujja biyu. Ta farko, kaurin jikin yana barin haske ya fi wucewa. Ta biyu, wani lissafi da masu madubai ke kira ma'aunin almuru: a ninka ƙarfin jawowa da faɗin gilashi a cire tushen murabba'i. Da wannan lissafin 24 da 50 suna ba da 34.6, alhali tsohon madubinsa a ninki 9 bai kai 19 ba. Dattijon ya biya.

Zobban riƙe madubi da suka zo da bindigar na inci ɗaya ne, ba sa ɗaukar kaurin milimita 30, don haka sai da ya sayi wasu, masu tsayi kuma, don kada gilashin gaba ya taɓa jikin bindiga. Tun daga nan aka fara samun matsala. Madubin ya yi sama har kuncinsa ya daina zama a kan kotar, sai dai haɓa. Duk lokacin da ya ɗaga bindiga sai ya yi ta lalube da kai kafin hoton ya buɗe. Bindigar da a da yake zarowa da hannu ɗaya ta koma tana maƙalewa a bayan kujera.

A maɓoya abin ya fi muni. A ninki 24 hoton ya dushe tun rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, kuma abin da yake gani a bakin rafin bai wuce faɗin 'yan taku ba. Dabba mai tafiya takan shiga ta fita kafin ya ankara. Da ya sauko ninki 6 haske ya dawo, sai layukan saitin suka sirance kamar gashi, saboda irin madubin nan ne da layukansa ke girma da ƙanƙancewa tare da hoton. Ya kunna fitilar layukan. Gaba ɗaya ragar ta kama da ja, da duk 'yan ɗigogi da lambobinta, ko a mataki mafi ƙasa tana haska cikin bututun. Ya ga layuka, ya rasa koyoti. Mako biyu ya yi yana fama kafin ya kwance shi ya mayar cikin kwali.

Ƙarshen Maris: fitila da aron na'ura

Daga nan ya koma ga dabarar da maharban dare suka sani a ko'ina, wato haska ido. 'Yarsa, wadda ke zuwa ƙarshen mako, ta riƙe babbar tocila mai jan murfi, shi kuma ya mayar da tsohon madubi. Ya sanar da jami'in kula da namun daji na yankin, kamar yadda ake ba masu farautar dare shawara. Daren farko suka ga idanu biyu suna ƙyalli, ya harba a gaggauce ya kuskure. Daga ranar, da an kunna haske sai dai su ji ƙarar tsakuwa. Koyoti ba ya bukatar a koya masa abu sau biyu.

Wani abokinsa ya ara masa madubi mai ganin zafin jiki na dare uku. Wannan kam ba ruwansa da duhu: ya nuna masa zomaye, barewa, har da duwatsun da rana ta gasa. Amma samfurin mai ƙaramin ƙarfi ne, a yadi 120 kowace dabba mai ƙafa huɗu farin dunƙule ce kawai. A dare na biyu ya bi wani dunƙule da saiti har kusan minti ɗaya kafin ya gane daga tafiyarsa cewa karensa ne. Waɗanda ke rarrabe dabba da kyau kuɗinsu dubban daloli ne, kuma ba a aikin rana da su yadda ake yi da gilashi. Ya mayar wa mai shi.

Farkon Afrilu: wajen likitan ido

'Yar ce ta kawo zancen. Ta ce masa, Baba, madubi ɗaya muke leƙawa, ni ina ganin gindin sidar nan kai ba ka gani, ko dai a duba idon? Ya yi ta ja da maganar, daga baya ya bi ta.

Likita ya samu yanar ido ta fara taruwa kaɗan, ba ta kai a yi aiki ba, da ɗan karkacewar gani da tabarau ke gyarawa. Ya kuma auna ƙofar idon, wato baƙin ɗigon nan na tsakiya da ke buɗewa cikin duhu ya tsuke a rana. Na dattijon bai wuce milimita 5 ba. Likitan ya ce ba cuta ba ce, shekaru ne: na matashi yakan kai 7, yana raguwa a hankali.

Wannan lambar ce ta buɗe lissafin da ya kamata a yi tun farko. Idan mutum ya riƙe madubi nesa da fuskarsa ya fuskanci haske, zai ga 'yar da'irar haske tana yawo a gilashin baya. Duk hasken da madubin ya tara ta nan yake fitowa. Faɗinta kuwa shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ƙarfin jawowa. Tsohon madubi a ninki 9 yana ba da milimita 4.4, ƙasa da ƙofar idonsa. Da ya sauke shi zuwa ninki 6 da ya samu 6.7. Babban madubin a ninki 24 yana ba da 2.1 kacal, wato idon a buɗe yake yana jira, ana ɗiga masa haske ta kafar allura. A ɗaya gefen kuma, da'irar da ta fi ƙofar ido faɗi, rararta a banza take zuba, kamar mai ɗura ruwa da bokiti a bakin kwalba.

Saura ingancin gilashin kansa. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa mata komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, madubin bindiga kuwa yana da fuskoki fiye da goma. Tun 1935 wani masani a kamfanin Zeiss na Jamus, Alexander Smakula, ya samo shafen da ke rage wannan asara. Shafi ɗaya yana sauko da ita zuwa kusan kashi ɗaya da rabi, shafi hawa-hawa kuma ƙasa da rabin kashi ɗaya. Hasken da aka mayar ba ɓacewa kawai yake yi ba, yana yawo cikin bututun ya zama hazo, ya sa launin toka da baƙi su haɗe. Tsohon madubin fuskokinsa na waje kawai aka shafa.

Tsakiyar Afrilu: gwajin katako

Wannan karon ya ƙi sayen kifi a ruwa. A cikin shago, ƙarƙashin fitilu, kowane madubi sarki ne. Ya samo faffaɗan katako ya ɗaure madubai huɗu a jere: tsohon nasa, babban da ya saya, wani 2.5-10x42 da wani shagon ya yarda ya karɓa idan ba a ɗaura shi a bindiga ba, da wani tsohon 8x56 na maƙwabcinsa. Maƙwabcin jikan Jamusawan nan ne da suka kafa Fredericksburg a 1846, kuma yana alfahari da madubin, don irinsa ne maharban Jamus da Ostiriya suka daɗe suna zaman jiran aladun daji da shi a farin wata. Lissafinsa 56 a raba da 8, milimita 7 cif, daidai idon saurayi.

A bakin kafar ya rataye tsohon buhu mai launin ƙasa a inuwar sida, ya zana masa kunnuwa da jela da gawayi. Ƙa'idar ita ce madubi ya faɗi daga mintin da ya kasa nuna masa abu biyu tare: siffar buhun da wurin saiti. 'Yar ta riƙe agogo da takarda. Sun yi yamma uku, babu farin wata, kuma rabin awa kafin a fara babu mai duba waya, tunda ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuma ya isa ya rushe wannan.

A wannan yanki, a wannan wata, hasken bayan faɗuwar rana da mutum ke iya aiki da shi ba tare da fitila ba yakan kai kusan minti 25. Tsohon madubi a ninki 6 ya kai minti 18, kuma layukan ne suka fara ɓacewa, buhun yana nan. Babban, a ninki 8, ya kai 21 idan fitilarsa a kashe take. Na 42 ɗin, a ninki 8, ya kai 30. Na maƙwabci ya kai 32. Da 'yar ta karɓi kujera, ta ga tazara mai yawa tsakanin na 56 da na 42, har tana mamakin yadda mahaifinta ya ce kusan ɗaya suke. Dukansu gaskiya suka faɗa. Na 42 a ninki 8 yana ba da milimita 5.25, ya cika idon dattijon taf. Daga da'irar milimita 7 kuwa, ƙofar milimita 5 kusan rabin hasken kawai take ɗauka.

Ya ɗauki na 42. Layukansa irin na Jamusawa ne: sanduna uku masu kauri daga hagu, dama da ƙasa, waɗanda ba sa canja girma ko an murɗa ƙarfin jawowa, sai jan ɗigo ɗaya tak a tsakiya, wanda a mataki mafi ƙasa na haskensa da rana ba a ma ganinsa. Kuɗinsa ya ninka na babban kusan sau biyu. Ya zauna a kan gajerun zobba, kunci ya koma mazauninsa. Ya daidaita gilashin baya da idonsa yana kallon sarari, sanye da sabon tabarau, ya gyara saiti a yadi 100, ya liƙa batirin fitilar ɗigon na ko-ta-kwana a cikin akwatin mota.

Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu

Lokacin ya zo daidai da haihuwar koyoti, wadda ke faɗowa a Afrilu da Mayu, sa'ad da iyaye ke ƙara ƙaimi don ciyar da 'ya'ya. A zama na uku namijin ya fito ta kafar a minti na 26. Dattijon ya ga tsayayyun kunnuwa, siririn baki da jelar da ke rataye ƙasa, ya tabbata ba kare ba ne, ya jira ya tsaya a gicciye. Harsashi ɗaya.

Macen ba ta sake zuwa da almuru ba. Kyamara ta nuna ta koma shigowa bayan ƙarfe ɗayan dare. Ya yi zama biyu a banza, sabon madubin bai nuna masa komai ba sai baƙi. Daga ƙarshe ya kira mai tarkon hukumar da ke taimaka wa makiyaya da sha'anin namun daji, shi ya kama ta da zarge a bakin kafar. Bayan haka aka toshe wurin da raga da duwatsu, aka fara kwanar da masu jego a ƙaramin shinge kusa da gida, ya kuma sayo jaka ya sa cikin garke, dabarar da makiyayan Texas da yawa ke yi saboda jaki ba ya shiri da dangin kare. Zuwa ƙarshen Mayu ba a sake rasa ɗan akuya ba.

Hukunci

Abin da madubin na 42 ya saya masa minti goma sha biyu ne, daga 18 zuwa 30. Ba su da yawa, amma a cikinsu koyotin yake shigowa, don haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kuma idan aka rarraba mintocin nan, ina ganin kaso mafi tsoka na layukan saiti ne da ɗigon da ya san yadda ake dushewa, sai shafen gilashi. Faɗin gilashin gaba, wanda kowa ke fara tambaya, milimita 2 kawai ya ƙaru.

Hujjojin mai shagon farko duka biyu ba su tsaya ba. Kaurin jiki na milimita 30 yana ba da ƙarin filin murɗa saiti sama da ƙasa, da ɗan ƙarin ƙarfi, amma ba shi ke ƙayyade hasken da ke isa ido ba. Ma'aunin almuru kuma lissafi ne da bai san ingancin gilashi ba, bai san idon mai kallo ba. Madubin roba da na Jamus masu lambobi ɗaya maki ɗaya za su ci. Ba sai mai shagon ya yi niyyar cuta ba. An ce masa duhu, ya miƙo abin da ya fi girma, kuma madubin da ya sayar yana da kyau ga mai harbin allo daga nesa da tsakar rana.

Kuskuren da ya fi tsada na dattijon ne, kuma kyauta ake gyara shi: a Fabrairu yana murɗa tsohon madubi zuwa 9 yayin da gari ke duhu, alhali saukowa ya kamata ya yi. Wannan kaɗai da ya ƙara masa 'yan mintoci, ko da yake layukan da sun ci amanarsa duk da haka. Da 'yarsa ce mai zaman maɓoyar, da shawarar ta canja, don idonta zai ci moriyar gilashin 50 ko 56 da nasa ba zai ci ba. Shi ma nasa zaɓin na wani lokaci ne. Idan yanar ta ƙaru, ko aka cire ta, sai an sake ɗaure madubai a katako.

Game da 'yan awakin, ba zan ba madubin fiye da rabin yabo ba. Ya kawar da koyoti ɗaya cikin biyu. Ta biyun zarge ya kama ta, kuma abin da ya hana wasu maye gurbinsu shi ne toshe kafa, kwanan shinge da jakar nan. Da an toshe kafar tun makon da kyamara ta nuna ta, wataƙila asarar Maris da ba ta kai haka ba. Ya bar ta a buɗe da gangan don ya san ta inda za su fito, kuma wata biyu ya yi yana biyan kuɗin wannan dabara da 'yan awaki kafin ya samu abin harbin da ya dace da ita.

Babban madubin ya sayar wa wani saurayi mai zuwa filin koyon harbi, a kan rabin kuɗinsa. Tsohon 3-9x40 kuma 'yar ta ɗauke, ta ce ita har minti 24 take gani da shi.